Hoto a Aljihu: Wace Hanya Ta Fi Kyau a Nuna wa Jama'a?

 Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ba wanda ya san gaskiyar wannan magana kamar mutumin da ya ke zaune a baƙuwar ƙasa. Kome yawan labarin da ya ke aikawa gida, ran da ya sauka aka gama gaisuwa, abin da za a fara ce masa shi ne, "To, ina hotunan?" Yau a filinmu na ilmin kimiyya za mu duba hanyoyin da matafiyi zai iya riƙo hotuna a jakarsa ko aljihunsa domin ya nuna wa jama'a, mu ga kuma abin da ilmin haske da ilmin ido suka koya mana wajen zaɓen wadda ta dace.

Mu ɗauka ga wani mutum, haifaffen Sabon Zango a birnin Ankara ta ƙasar Gana, ya shekara 8 yana aiki a Landan. Ya yi aure a can har ya sami 'ya'ya 3, mahaifiyarsa kuwa ba ta taɓa goya ko ɗayansu ba. Bana Allah ya nufe shi da zuwa gida shi kaɗai, da hotuna ɗaruruwa a cikin wayarsa. Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna kusa da tsohuwa, ya fito da waya. Nan da nan mutum 20 suka yanyame shi, wannan yana leƙe ta kafaɗa, wancan yana miƙo hannu. Tsohuwa ta karɓa, ta matso da ita kusa da ido, ta nisanta, ta karkata, ba abin da ta ke gani sai inuwar fuskarta a gilashi. Don kada ta ba ɗanta kunya sai ta ce, "Masha Allahu, Allah ya raya su," ta miƙa masa abinsa. Ya ƙetaro teku da hotunan jikokinta, amma ba ta gan su ba.

Hotunan nan ba su da laifi, wayar kuma ba ta lalace ba. Kuskuren mutumin nan shi ne ya zaɓi abin da ya fi masa sauƙin ɗauka, bai tuna da mai kallo ba. Akwai tambayoyi uku da ya kamata ya yi wa kansa tun kafin ya ɗaure kaya. Ta farko, a cikin wane irin haske za a kalla? Ta biyu, idon wa zai kalla, kuma mutum nawa ne? Ta uku, bayan ya koma bakin aikinsa, me zai rage a hannun tsohuwa?

Kafin mu amsa su, bari mu ɗan waiwaya, domin wannan matsala ta girmi kakanninmu. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar wani Bafaranshe, Louis Daguerre, ta kama hoto a kan farantin jan ƙarfe da aka shafe da azurfa. Hoton nan guda ɗaya tak ya ke fitowa, yana ƙyalli kamar madubi, sai an karkata shi daidai kafin a ga fuskar da ke ciki. A kan rufe shi da gilashi, a sa shi a wani ɗan akwati mai buɗewa kamar littafi. A 1854 wani mai hoto a birnin Faris, André Disdéri, ya yi rajistar dabarar buga ƙananan hotuna a takarda a liƙa su a kati mai tsawon wajen santimita 10. Suna da araha, suna shiga aljihu, har mutane suka shiga musayarsu da 'yan'uwa suna jerawa a cikin albam. Wannan ita ce hanya ta farko, watau takarda.

Hanya ta biyu ita ce majigi, kuma ta riga hoton kansa zuwa duniya. Tun wajen 1659 masanin nan na ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya san yadda za a sa fitila a bayan gilashin da aka yi wa zane, a jefa surar a bango ta yi girma. Turawa suka riƙa kiran abin fitilar sihiri, daga wannan suna nasu ne kuwa kalmarmu ta majigi ta samo asali. Dattawan da suka tashi a Arewacin Nijeriya sun tuna da motar majigi, wadda ta kan zo gari a kafa farin ƙyalle a fili, amma ba a fara kome sai duhu ya yi. A 1861 James Clerk Maxwell ya nuna hoto mai launi a Landan ta hanyar haɗa hasken majigi uku a wuri ɗaya, ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi. A 1961 kamfanin Kodak ya fito da majigin da ya kira Carousel, mai zagayayyen faifai da ke ɗaukar ƙananan hotuna 80, aka yi ta amfani da shi a makarantu da gidaje har aka daina ƙera shi a 2004.

Hanya ta uku ita ce allo mai haske. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo 3 da rabi, ta kan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset, hoton kuwa ɗigo 10,000 ne kawai, baƙi da fari, a talabijin a ke kallonsa. Daga nan abu ya yi ta ƙanƙancewa. A shekarar 2000 an riga an fara sayar da waya mai kyamara a Japan, a 2010 kuma kamfanin Apple ya fito da iPad, kwamfutar hannu mai siffar allon ɗalibi. To, yau ga hanyoyin nan uku duka a kasuwa: takarda, da majigi wanda yanzu akwai irinsa da bai fi gwangwanin madara ba, da allo mai haske, ko na waya, ko na kwamfutar hannu, ko na talabijin.

Mu koma kan tambaya ta farko, ta haske. Hoton takarda ba shi da hasken kansa. Hasken wurin ne ya ke sauka a kansa, launukan da ke jikinsa su shanye wani sashe, sauran ya dawo cikin ido. Sabo da haka duk yadda hasken wuri ya ƙaru, haka hoton zai ƙara fitowa. Allon waya kuwa akasin haka ne. Shi ke ba da haskensa, ta ƙananan ɗigo-ɗigo ja da kore da shuɗi, launukan nan uku na Maxwell. Ashe kullum cikin gasa ya ke da hasken da ke kewaye da shi. Masana suna auna hasken da ya sauka a kan abu da wani ma'auni da a ke kira luks. A ɗaki mai fitilar lantarki a kan sami luks 100 zuwa 500. A inuwa da rana tsaka a kan sami wajen 10,000 ko fiye. A tsakiyar rana sosai kuwa ya kan kai 100,000. Gilashin waya yana mayar da wani kaso na wannan haske kamar madubi, in kuwa abin da ya mayar ya rinjayi abin da ya ke fitarwa, sai mai kallo ya ga fuskarsa maimakon hoto. Abin da ya sami tsohuwar nan ke nan.

Majigi ya fi kowa shan wahala a wannan gasa. Ƙarfin fitilarsa da lumen a ke auna shi, kuma lissafin ba wuya. In ƙaramin majigi mai lumen 200 ya shimfiɗa hoto a bango mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, to, luks 200 ne suka sauka a bangon. Ku gwada wannan da luks 10,000 na inuwar rana, za ku ga an ninka shi sau 50. Farin wata kuwa, ko daren sha huɗu, bai kai luks 1 ba, don haka ba ya hana kome. Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. Majigi ba ya iya jefa baƙi. Baƙin da a ke gani a hoton majigi bango ne kawai wanda haske bai taɓa ba, in kuwa ɗakin da haske, baƙin sai ya koma toka-toka, hoto ya yi fari fat kamar an wanke shi.

Kowa na iya gwada wani sashe na wannan a gida da tocila. Ka haska bango kana nesa da shi taki 2, ka lura da girman da'irar da ƙarfinta. Sa'an nan ka ja da baya zuwa taki 4. Faɗin da'irar zai ninka sau 2, amma filin da ta rufe ya ninka sau 4, sabo da haka ƙarfin hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Haka majigi ya ke. Wanda ya so hoto ya cika bango da ƙaramin majigi zai sami babban hoto mai duhu. Gara a matso da shi, hoton ya ragu, fuskoki su fito. Mai saye kuma ya yi hattara, don waɗansu masu talla su kan rubuta lambobi masu ban mamaki a kwali. Lambar da aka auna bisa ƙa'ida ita ce wadda aka rubuta ANSI a gefenta.

Tambaya ta biyu ta ido ce. A cikin idon ɗan Adam akwai wani ɗan gilashi mai taushi wanda ya kan ƙara kauri in ana duban abu na kusa. Da mutum ya wuce shekara 40 sai ya fara taurara, shi ya sa za ku ga dattijo yana nisanta takarda kafin ya karanta. In kuma yanar ido ta fara shiga, ƙyalli ya kan dame shi fiye da yaro. To, abin da aka nisanta ƙanƙancewa ya ke yi. Hoton da aka buɗe a waya, ko an kwantar da ita, bai fi santimita 9 da 7 ba. In mutum 10 ne a ciki, fuskar kowannensu ba ta fi ƙwayar wake ba. Hoton nan a kwamfutar hannu mai inci 10 ya kan kai wajen santimita 20 da 15, watau filinsa ya ninka na waya kusan sau 5. Ga idon tsoho wannan bambanci shi ne tsakanin ganin mutane da gane su.

Kada kuma yawan ɗigo ya ruɗe mu. Lafiyayyen ido, in abu yana nesa da shi santimita 30, ba ya iya raba ɗigo biyu da ke kusa da juna fiye da wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Dalilin da ya sa masu buga hoto suka tsaya a ɗigo 300 a kowane inci ke nan. Hoto mai santimita 15 da 10 ɗigo 1,800 sau 1,200 ya ke bukata, watau miliyan 2 da 'yan kai, alhali kuwa wayoyi da yawa suna ɗaukar miliyan 12 ko fiye. Ashe ɗigo ya wadata, girma da haske su ne abin nema. Sai dai a lura, hoton da aka turo ta WhatsApp a kan matse shi a rage masa ɗigo, in ba an zaɓi aika shi da cikakken ingancinsa ba. Wanda zai kai hoto wurin bugawa ya nemi na asali daga wayar da ta ɗauka.

Yawan masu kallo kuma yana da nasa hukunci. Waya ta mutum ɗaya ce, ko biyu in sun haɗa kai. Kwamfutar hannu ta ishi mutum 3 ko 4 a tabarma ɗaya. Hotunan takarda suna da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: in guda 40 ne, mutum 20 suna iya kallo a lokaci ɗaya, kowa da nasa a hannu, mai sauri ya wuce, mai son daɗewa ya daɗe. Aibinsu shi ne mai ba da labari zai yi ta maimaita bayani. Majigi da talabijin su ne na taro, don kowa hoto ɗaya ya ke gani, labari kuma sau ɗaya za a ba da shi. In akwai talabijin na zamani a gidan da za a sauka, sau da yawa ɗan filash da bai fi yatsa ba ya isa, a soka shi a baya. In kowane hoto megabait 4 ne, filash mai gigabait 64 zai ɗauki wajen 16,000. Amma a tabbata an ajiye su a tsarin JPEG, domin tun 2017 wayoyin iPhone su kan ajiye hoto a wani tsari dabam wanda talabijin da yawa ba sa karantawa.

Duk abin da ke aiki da batir yana da sharuɗɗansa a hanya. Masu ƙera iPhone da iPad sun ce a yi amfani da su a zafin da bai wuce digiri 35 ba. A Kartum da Injamena da Makka kuwa zafi ya kan haura 40 a lokacin bazara. In na'ura ta yi zafi ita da kanta ta kan rage hasken allonta, watau daidai lokacin da aka fi bukatarsa, ko ma ta tsaya sai ta huce. Batirin ƙaramin majigi yawanci sa'a 2 ko 3 ya ke yi. Wanda zai riƙo batirin ajiya na caji ya sani kamfanonin jiragen sama ba su yarda a sa shi a kayan da a ke aunawa ba, sai a jakar hannu, kuma wanda ya wuce awon wat 100 sai da izini. Mai lamba 20,000 da aka saba gani a kasuwa wajen 74 ne, bai kai iyaka ba. Sai kuma bakin soket. Ingila da Gana da Nijeriya da Saudiyya suna amfani da mai ƙafa uku masu kusurwa. Kamaru da Cadi da Nijar sun fi amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu irin na Faransa. Amurka nata dabam ne, wutarta ma bolt 120 ce, ta sauran kuwa 220 zuwa 240. Ɗan mahaɗin da bai fi kuɗin shayi ba ya sha hana taro kallo. Hoton takarda 100 kuwa ba su kai rabin kilo ba, ba sa jin zafi, ba sa neman caji.

Akwai wata magana da ba ta kimiyya ba ce, amma ba za mu tsallake ta ba. Wanda ya miƙa wayarsa ya miƙa asirinsa. Yatsa ɗaya in ya zame, sai a faɗa kan takardun banki, ko hoton iyalin wani da aka turo bisa amana. Ya kamata a ware hotunan da za a nuna a wuri guda tun daga gida. Wayoyi da yawa suna da dabarar kulle allo a kan abu ɗaya, yadda mai kallo ba zai iya fita ba sai da lambar mai ita. A kuma tace, don hoto 30 da aka zaɓa sun fi 500 da za su sa baƙi hamma.

Saura tambaya ta uku: me zai rage? Farantan zamanin Daguerre suna nan a gidajen tarihi, an haura shekara 180 ana ganin fuskokin da ke cikinsu da ido kawai. Faifan kwamfuta na shekarun 1990 kuwa, yau da ƙyar za ka sami na'urar da ke da ramin sa shi. Filash da katin waya suna riƙe hoto ne ta hanyar ɗan cajin lantarki da aka tsare a ƙananan ɗakuna, cajin nan kuwa ya kan zurare a hankali in an daɗe ba a sa musu wuta ba, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Waya ta kan faɗa ruwa, a kan sace ta. Takarda ma tana da maƙiyanta: rana ta kan kashe launi, laima irin ta Ankara da Kumasi da Duwala ta kan manne hotuna da juna, ga kuma gara. Sabo da haka masu adana tarihi suka ba da shawara a riƙe kwafi 3, a irin ma'aji 2 dabam-dabam, ɗaya kuma a ajiye shi a wani wuri mai nisa. Ga wanda ke zaune a ƙasar waje wannan shawara ta zo daidai, don albam ɗin da ya bari a gida shi ne kwafinsa na nesa. A rubuta sunaye da shekara a bayan kowane hoto da fensir mai taushi, a ajiye a inuwa, wuri mai iska, nesa da ƙasa.

To, da mutumin nan na Sabon Zango ya zo neman shawara, ga abin da za mu ce masa. Ya zaɓi hoto 30 ko 40, waɗanda fuskokin yara suka fito manya, ya kai a buga su a takarda marar ƙyalli, ya jera a albam. Wannan na Hajiya ne, za ta kalla a tsakar gida da hasken Allah, ta nisanta yadda idonta ya ke so, ta nuna wa maƙwabta bayan ya tafi. Abokansa da za su zauna a zaure su uku ko huɗu, kwamfutar hannu ta ishe su, a juya wa ƙofa baya. Taron dangi kuwa a bari sai bayan isha'i, a kunna talabijin, ko a rataya farin zane a kafa ƙaramin majigi kusa da shi. Waya ta zauna a aljihu, don wanda aka gamu da shi a hanya. Ba hanya ɗaya da ta fi sauran a ko'ina. Kowacce da wurinta, kuma da tsohuwar zuma a ke magani.

Jama'a, a nan za mu dakata. Wanda ya ke shirin tafiya gida, Allah ya kai shi lafiya, ya sa ya tarar da iyali lafiya. Sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.